Garuruwan zango a hanyar Apalachiya: Inda masu tafiyar ƙafa ta kilomita 3,500 ke hutawa, su yi guzuri, ko su haƙura

Damascus ƙaramin gari ne a kudu maso yammacin jihar Bajiniya ta Amurka, mazaunansa ba su wuce 800 ba. Suna kawai ya haɗa shi da babban birnin Siriya. Amma daga watan Afrilu zuwa Mayu na kowace shekara, da wuya a wayi gari ba a ga baƙi sun sauko daga tsaunukan da ke kewaye da shi ba, jaka a baya, sanduna biyu a hannu, takalma duk laka. Waɗannan mutane sun riga sun taka kimanin kilomita 750 a ƙafa, wato fiye da nisan Yamai zuwa Maraɗi, kuma ko rubu'in tafiyarsu ba su ci ba.

Abin da ke kawo su garin bai wuce wanka da abinci da gado ba, sai kuma guzurin da zai kai su zango na gaba. Damascus na ɗaya daga cikin garuruwan da ke kan hanyar Apalachiya, doguwar hanyar ƙafa da ta ratsa jihohi 14 a gabashin Amurka. Alƙaluman ƙungiyar da ke kula da hanyar, Appalachian Trail Conservancy, sun nuna cewa cikin kowane mutum huɗu da suka tashi da niyyar kammala ta a shekara guda, kusan ɗaya ne ke kaiwa ƙarshe. Wanda zai ci gaba, a gari yake samun ƙarfin ci gaba. Wanda zai bari kuma, a gari yake bari, domin nan ne ake samun motar komawa gida.

Hanyar da babu kasuwa a kanta

Hanyar ta tashi daga tsaunin Springer a jihar Jojiya, ta ƙare a kan tsaunin Katahdin a jihar Maine, kusa da iyakar Kanada. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 3,500, kwatankwacin mutum ya taka daga Yamai zuwa Damagaram sau huɗu. Wani masanin gandun daji mai suna Benton MacKaye ne ya kawo shawarar gina ta a 1921, aka kuma gama haɗa ta a 1937. A 1948 Earl Shaffer, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, ya ba da labarin cewa ya taka ta daga farko har ƙarshe a tafiya ɗaya, cikin kimanin wata huɗu. A yau dubban mutane ne ke gwada hakan duk shekara, kuma tafiyar kan ɗauki wata biyar zuwa bakwai.

Akasarinsu na tashi ne daga kudu a watan Maris ko Afrilu, suna bin farin fenti da aka shafa a jikin itatuwa da duwatsu don nuna hanya. A cikin dajin akwai rumfunan kwana sama da 250, masu bango uku da rufi, waɗanda ƴan sa kai ke kula da su. Ruwan sha daga ƙorama ko idon ruwa ake ɗiba a tace. Amma babu shago, babu mai tuwo, babu wutar caji. Duk abin da mutum zai ci, a bayansa yake.

A nan ne lissafi ke shigowa. Abincin yini guda na matafiyi kan kai nauyin giram 700 zuwa kilo guda. Idan ya ɗauki na kwana goma, ya ƙara wa kansa kusan kilo goma a kan tanti da bargo da tufafi da ruwa, ga shi hawa da sauka zai yi ta yi daga safe har yamma. Shi ya sa mafi yawansu ba su wuce guzurin kwana uku zuwa biyar. Ma'ana, a tafiyar wata shida mutum zai sauka gari sau da dama, kusan duk mako, wani lokaci sau biyu a mako.

Garuruwa ƙalilan ne hanyar ta bi ta tsakiyarsu. Daga ciki akwai Hot Springs a Karolina ta Arewa, Damascus a Bajiniya, Harpers Ferry a Bajiniya ta Yamma, Duncannon a Pennsylvania da Hanover a New Hampshire. A irin waɗannan, matafiyi na fitowa daga daji sai ya tsinci kansa a kan kwalta, gidan abinci a dama, gidan waya a hagu. Sauran garuruwan kuwa suna nesa da hanyar da ƴan kilomita, don haka sai mutum ya tsaya a bakin titi ya ɗaga hannu ko wani mai mota zai rage masa hanya, ko kuma ya kira direbobin da sana'arsu ke nan, jigilar matafiya tsakanin daji da gari.

Ranar sifili

Matafiyan na da sunan da suke kiran ranar da ba su taka ko kilomita ɗaya a kan hanyar ba: ranar sifili. Wanda ya ji sunan zai zaci ranar barci ce, alhali aikin da ke cikinta ya isa ya cika yini. Da farko sai an nemi masauki. Mafi arha shi ne gidajen saukar matafiya, inda ake jera gadaje masu hawa biyu a ɗaki guda, mutum ya biya kuɗin gado ɗaya. Masu ɗan hali kan haɗa kuɗi su uku ko huɗu su kama ɗakin otel. A Damascus akwai wani gida da ake kira The Place, wanda majami'ar Methodist ta garin ke kula da shi tun cikin shekarun 1970, inda matafiyi ke kwana ya ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, bisa sharaɗin ba a shiga da giya.

Bayan masauki sai wanka, wanda ga wasu shi ne na farko cikin mako guda. Daga nan sai wanki. Da yake mutum bai fi kaya kala ɗaya ko biyu ba, gidajen saukar da dama na ajiye tsofaffin tufafi na aro da baƙo zai sa kafin nasa su fito daga injin wanki. Inda babu na aro, ba abin mamaki ba ne a ga mutum zaune a shagon wanki sanye da rigar ruwa kaɗai, rana na dukan gari.

Sai kuma jinyar jiki. Ƙafa ce jarin matafiyi, kuma ita ce ta fi shan wuya: bororo, faratan da suka yi baƙi, kumburin idon sawu, ciwon gwiwa. Takalmin gudu da yawancinsu ke sawa kan mutu bayan kimanin kilomita 800, don haka mutum zai canza takalmi sau huɗu ko biyar kafin ya gama. Da yawa ma sai sun ƙara lamba, saboda ƙafar ta buɗe da tafiya. A gari ne kuma ake duba jiki da kyau a nemi kaska, domin akwai wadda cizonta ke jawo cutar Lyme, musamman a jihohin arewa maso gabas. Wanda ya ga alamar zazzaɓi ko jan zobe a fatarsa, wannan ce damarsa ta ganin likita kafin ya sake shiga daji.

Ragowar yinin na tafiya ne wajen cajin waya da batirin ajiya, kiran gida, shanya tanti da bargo, ɗinke abin da ya yage, da duba yanayin sama na kwanakin gaba. Waɗanda ke son hutun amma suna tsoron kuɗin kwana biyu sun samo dabara: su kwana a daji kusa da gari, su shigo da hantsi bayan ƴar gajeriyar tafiya, su kwana ɗaya, su fice washegari da rana. Ta haka sun samu kusan yini biyu na hutu da kuɗin dare guda.

Yunwar da ba ta jin magani

Bayan makonni kaɗan a hanya, wata irin yunwa ke kama matafiyan, wadda su kansu suka sa wa suna yunwar ɗan hanya. Jikin mai hawan tsauni da kaya daga safe zuwa yamma na iya ƙone kalori 4,000 zuwa 6,000 a yini, kusan ninki biyu na abin da mai zaman ofis ke buƙata. Babu mai iya ɗaukar abincin da zai cike wannan giɓi, don haka a daji kullum jiki bashi yake ci, sai an zo gari a biya. Masu gidajen abinci a garuruwan zango sun saba ganin mutum ɗaya ya tashi da faranti biyu ko uku, ya kuma tambayi abin da ya rage. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Har al'ada aka yi da wannan yunwa. A wurin shaƙatawa na Pine Grove Furnace da ke Pennsylvania, dab da tsakiyar hanyar, akwai wani ɗan shago inda matafiya ke gwada shanye kusan lita 2 ta askirim a zama ɗaya, don murnar cin rabin tafiya. Ladan wanda ya gama ɗan cokalin katako ne.

Sayen guzuri kuwa ba a yin sa da son rai. Abin da ake dubawa shi ne abincin da ke da ƙarfi, marar nauyi, wanda ba ya lalacewa, kuma yake dahuwa cikin ƴan mintuna a kan ɗan murhun gas. Shi ya sa jakunkunan suka yi kama da juna: taliyar leda, garin dankalin turawa da ake damawa da ruwan zafi, niƙaƙƙiyar gyaɗa, kifin leda, cuku, busasshen nama mai kama da kilishi, cakulan da alewa. Da an fito daga kanti, sai a zauna a bakin ƙofa a yage kwalaye a zubar, a juye komai cikin ledoji, a kasa shi kashi-kashi bisa yawan kwanakin da ke gaba. Wanda ya yi kuskuren lissafi, ko dai ya kwana da yunwa a ranar ƙarshe, ko ya yi ta dakon abin da ba zai ci ba.

Inda garin ba shi da babban kanti, ko kuma mutum na da abincin da lafiyarsa ko addininsa ya iyakance masa, sai a koma ga gidan waya. Tun kafin tashi, matafiyi kan shirya kwalaye ya bar wa wani a gida, a riƙa aiko masa ɗaya bayan ɗaya zuwa garuruwan da zai bi. Gidan wayar Amurka na da tsarin ajiye saƙo da sunan mutumin da ba shi da adireshi a garin, har zuwa kwana 30, ya zo da katin shaida ya karɓa. Matsalar ita ce ƙananan gidajen waya na rufewa da wuri ranar Asabar, ba su kuma buɗewa ranar Lahadi. Wanda ya iso da yammacin Asabar, sai ya jira Litinin, da kuɗin masauki da na abinci a kansa.

Akwai kuma akwatin matafiya, wanda ake ajiyewa a kusan kowane masauki. Duk wanda ya gaji da wani abinci, ko ya ga wani kaya ya yi masa nauyi, sai ya jefa a ciki, mai buƙata ya ɗauka kyauta. Masu ƙaramin ƙarfi kan fara leƙa akwatin kafin su nufi kanti.

Lissafin da ayari ya riga ya sani

Ga mai karatu a Nijar, wannan tsari ba baƙo ba ne. Ayarin gishiri da ke tashi daga yankin Ayar a wajajen watan Oktoba, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, da irin wannan lissafi yake tafiya: kwana nawa tsakanin rijiya da rijiya, gero nawa, ciyawa nawa. Masu raƙuma kan ajiye dammunan ciyawa a kan hanya lokacin tafiya, domin dabbobi su samu abin ci a dawowa, dabarar da ba ta da nisa da ta kwalayen gidan waya. A Fashi da Bilma ne ake sauke kaya, a huta, a musanya gero da gishiri da dabino. Ita kanta kalmar zango, daga wuraren da fatake ke yada kaya ta samo asali, har ta zama sunan unguwanni a Kumasi da Ankara ta Gana.

Bambancin a bayyane yake. Madugu da mutanensa abinci suke nema, kuma kuskure a Tenere na iya zama ajali. Masu bin hanyar Apalachiya da kuɗinsu suka sayi wahalar, wasu bayan kammala karatu, wasu bayan ritaya, wasu bayan barin aikin soja ko rabuwar aure. Sai dai a wuraren biyu, nisan da ke tsakanin zango da zango ne ke yanke yawan kayan da za a ɗauka, kuma mutanen zangon na da rabonsu a cikin tafiyar.

Tarkon gari

Ƙiyasin da aka daɗe ana bai wa masu shirin tafiyar shi ne kimanin dalar Amurka 1,000 a wata, wato sama da jaka 500 na kuɗin sefa, ban da kuɗin tanti da jaka da sauran kayan aiki. Tsadar rayuwa ta sa da yawa na kashe fiye da haka a yanzu. Abin lura shi ne a daji da wuya a samu inda za a kashe kuɗi. Kusan duk kuɗin a gari suke tafiya: gado, abinci, mota, wanki, sabon takalmi. Ranar sifili ɗaya na iya cinye abin da ya isa guzurin mako.

Shi ya sa ƙarewar kuɗi ke cikin manyan dalilan da ke sa mutane barin tafiyar, tare da rauni, rashin lafiya, matsalar iyali da kuma gajiyar zuciya. Matafiyan na da labarai da yawa na wanda ya shigo gari da niyyar kwana ɗaya, ruwan sama ya tsare shi kwana biyu, abokai suka iso aka ƙara na uku, daga nan jakar ta gagara ɗauka. Bayan gado mai laushi da ruwan zafi, komawa kan tsauni cikin sanyi na buƙatar ƙarfin hali na daban.

Jarrabawar farko na zuwa ne tun a kwana na uku ko na huɗu. A Neel Gap, kimanin kilomita 50 daga mafarin hanyar, akwai wani tsohon ginin dutse da hanyar ta bi ta ƙarƙashin rufinsa, kuma a ciki akwai shagon kayan tafiya. Ma'aikatan shagon sun shahara da zazzage jakar sabon matafiyi a ƙasa, su ware abin da bai da amfani, a aika masa da shi gida ta gidan waya. A gaban ginin akwai itacen da aka rataye wa tsofaffin takalma masu yawa. Wasu na barin tafiyar tun daga nan.

Damascus ma na da nata haɗarin. Daga garin ne ake shiga jihar Bajiniya sosai, wadda ita kaɗai ta ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hanyar. Ɗokin farko ya wuce, ƙarshen tafiya bai ko leƙo ba, ga makonni ana tafiya ba a tsallake iyakar wata jiha ba. Matafiya na yawan kokawa da kasalar da ke kama su a wannan yanki.

Kin hutawa ma ba mafita ba ne. Wanda ya yi ta tsallake ranakun hutu don tsimin kuɗi ko don gaggawa, ƙaramin ciwon ƙafa na iya zame masa tsagewar ƙashi. Cunkoson masaukai kuma na da nasa sharri: an sha samun ɓarkewar cutar amai da gudawa ta norobairos a tsakanin matafiya, wadda ke yaɗuwa a wuraren da ake cin abinci da kwana tare, kuma sabulu da ruwa ne maganin kariyarta, ba man goge hannu ba.

Garin da ke ci da baƙo

Yawancin garuruwan yankin Apalachiya sun rayu ne a da kan sarar katako, haƙar ma'adinai, jirgin ƙasa da ƙananan masana'antu. Da waɗannan suka ja baya, wasu garuruwan sun koma dogaro da masu yawon buɗe ido. A Damascus, tsohon layin dogo ne aka mayar hanyar keke mai suna Virginia Creeper, mai tsawon kimanin kilomita 55, wadda ta haɗa Abingdon da Whitetop ta cikin garin. Shagunan hayar keke, gidajen kwana, gidajen abinci da masu jigila duk a kan waɗannan hanyoyi biyu suke cin abinci.

Tun daga 1987 garin ke shirya bikin Trail Days a watan Mayu, lokacin da ayarin masu zuwa arewa ke wucewa. Dubban mutane ne ke cika garin na mutum 800, ana kafa tantuna a fili, kamfanonin kayan tafiya na gyara jakunkuna da sanduna, majami'u na raba abinci da samar da wurin wanka da duba lafiya kyauta. Ana kuma yin jerin gwanon matafiya na bana da na shekarun baya, mutanen gari na watsa musu ruwa, wai don a rage warin hanya.

Ba komai ne na kuɗi ba. Akwai mutanen da matafiya ke wa laƙabi da mala'ikun hanya, waɗanda ke ajiye lemo da ƴaƴan itace a mahaɗar titi, ko su gasa nama su raba, ko su kai baƙo gidansu ya kwana. Wannan ɗabi'a ta daɗe. Emma Gatewood, mai ƴaƴa 11, wadda ta kammala hanyar ita kaɗai a 1955 tana da shekara 67, ba ta ɗauki tanti ba. Da ƴar jakar da ta ɗinka da kanta da takalmin kambas ta yi tafiyar, kuma sau da yawa a gidajen mutanen da ba ta sani ba ta samu abinci da wurin kwana.

Sai dai zaman ba ya rasa tsami. Mazauna wasu garuruwan na kokawa da matafiyan da ke shaye-shaye, ko su cunkusu su da yawa a ɗakin otel da aka biya wa mutum biyu, ko su ɗauka cewa kyauta haƙƙinsu ce. Laifin mutum ɗaya kan sa a rufe ƙofa ga waɗanda ke tafe a baya. Don ƙarfafa dangantakar ne ƙungiyar da ke kula da hanyar ta ɓullo da shirin amincewa da garuruwa a matsayin abokan hanya, wanda a yanzu ya ƙunshi garuruwa da yankuna sama da 50.

Bayan guguwar Helene

A ƙarshen watan Satumban 2024 ne aka ga iyakar yadda hanyar da garuruwanta suka dogara da juna. Guguwar Helene, wadda ta faɗa wa gaɓar jihar Florida ranar 26 ga watan, ta haura cikin tsaunuka da ruwan sama mai yawan gaske. A Karolina ta Arewa kaɗai mutane sama da 100 ne suka rasu. Ruwa ya shiga tsakiyar Hot Springs, garin da ke bakin kogin French Broad, ya lalata shaguna da gidajen abinci a kan titin da matafiya ke bi. A Damascus ƙoramun da suka ratsa garin sun yi ambaliya, suka rushe gidaje da tituna, suka kuma lalata rabin hanyar keken da ke tsakanin garin da Whitetop, wanda shi ne ɓangaren da ya fi kawo baƙi.

A Erwin ta jihar Tennessee, kogin Nolichucky ya tafi da gadar da matafiya ke bi su tsallaka, kuma a garin ne aka kwashe mutane fiye da 50 da jirage masu saukar ungulu daga rufin asibiti. A cikin dajin kuwa, itatuwan da suka faɗi sun toshe ɗaruruwan kilomita na hanyar, hukumomi suka rufe sassa da dama.

Tambayar da ta tsaya wa masu masaukai da shaguna a lokacin sanyin da ya biyo baya ita ce ko matafiyan 2025 za su zo. Idan suka tsallake kudancin hanyar, garuruwan da ruwa ya ci za su rasa cinikin shekara a daidai lokacin da suke neman kuɗin gyara. Ma'aikatan gandun daji da ƙungiyoyin ƴan sa kai sun shafe watanni suna yanke itatuwa da zarto, aka buɗe mafi yawan hanyar, aka yi wa wasu wuraren kewaye. A Erwin an samar da kwalekwalen roba da ke tsallakar da matafiya kyauta a lokacin bazarar 2025. An kuma gudanar da bikin Trail Days a Damascus a watan Mayun shekarar, wadda ta zo daidai da cikar ƙungiyar kula da hanyar shekara 100 da kafuwa. Daga cikin waɗanda suka je aikin kwashe laka da gyaran gine-gine har da tsofaffin matafiyan da suka taɓa kwana a garuruwan.

Zangon ƙarshe

Wanda ya tsallake duk waɗannan, zai bi ta Harpers Ferry, inda hedikwatar ƙungiyar take, a ɗauke shi hoto a gaban ofishin a saka cikin kundin matafiyan shekarar. Daga nan sauran fiye da rabin tafiya. A tsaunukan New Hampshire, inda masauki ke da tsada, wasu kan yi wanke-wanke ko shara a ɗakunan kwana na kan tsauni don a bar su su kwana a ƙasa, su ci ragowar abinci.

Zango na ƙarshe ga mai zuwa arewa shi ne Monson, wani ƙaramin gari a jihar Maine. Daga nan sai dajin da ake kira na mil ɗari, kimanin kilomita 160 ba tare da gari ko shago ba. A bakin dajin akwai allon gargaɗi da ke shawartar kowa da kada ya shiga sai da guzurin aƙalla kwana goma. Waɗanda jikinsu ya saba kan ratsa shi cikin ƙasa da haka, wasu kuma na biyan masu masaukin Monson su kai musu abinci a mota ta hanyoyin masu sarar katako, su haɗu a tsakiya.

A Monson ba a cika jan ƙafa ba. Tsaunin Katahdin, mai tsayin mita 1,600, yana cikin gandun Baxter, inda lokacin kwana na bazara ke ƙarewa a tsakiyar watan Oktoba, kuma hukumar gandun na iya rufe hanyoyin hawa da zarar ƙanƙara ta fara sauka. Duk ranar sifilin da mutum ya ƙara a Hot Springs ko Damascus a watan Afrilu, a nan ake cire masa ita. Waɗanda suka ga lokaci zai ƙure musu kan hau mota su je su hau Katahdin tukuna, sa'an nan su juyo kudu a ƙafa su cike abin da ya rage kafin sanyi ya rufe hanya.